Ranar da Morocha Ta Faɗo Daga Gada

A garinmu Tafí Viejo, in ka ga tsofaffi sun taru ranar Asabar, to jirgin ƙasa ne ya tara su. Tun da aka sallame mu daga babban wurin gyaran jiragen da ya cinye ƙuruciyarmu, sai muka koma wasa da ƙanana. Mun samu wani tsohon sito a bayan tasha, muka kafa tebur da ya zagaye ɗakin, muka shimfiɗa layin dogo mai faɗin yatsa biyu, da duwatsun kwali da gonakin rake na soso. A bakin ƙofa layin ya bi ta kan wata gada, ana ɗaga ta in mutum zai wuce. Dukanmu da jikoki, amma kullum cikin rigima muke a kan wa ya taɓa jirgin wa.

Babbanmu shi ne Don Eulogio Barrionuevo, tsohon maƙerin tukunyar jirgi, mai zuciya kamar garwashi. Shi ya ƙera Morocha, wani baƙin kan jirgi na tagulla da bai fi tsawon tafin hannu ba. Kamannin wanda yayansa ya tuƙa har ya mutu ne, kuma shekaru ya yi yana dasa mata ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Yanzu hannunsa rawa yake, ko ƙoƙon mate, shayin ƙasarmu, ba ya kai shi baki sai ya zubar. Kowa ya san ba za a ƙara yin wata Morocha ba, shi ma ya sani.

Sai Telmo Ibarra ya shigo cikinmu. Direban tirela ne, ƙato, yatsunsa kamar ayaba, amma in ya riƙe ƙarfen dalma ko ƙuda ya sauka a kai ba ya motsi. Duk gyaran da ya gagari idanunmu shi muke miƙa wa. Shi ne ya kawo mana sabon akwatin sarrafa jirage, irin na 'yan koyo, mai maɓallai. Da can, in ka ba layi wuta duk abin da ke kai sai ya tafi. Yanzu kowane kan jirgi ana sa masa wata 'yar ƙwaya a ciki, a ba shi lamba, in ka danna lambarsa shi kaɗai zai amsa. Duk muka koma wa sabon tsarin, ban da mutum ɗaya.

"Ku 'yan tirela kun kashe mana babban jirgi, yanzu kun biyo ƙaramin har ɗaki," in ji Don Eulogio.

Telmo ya ce, "Haba Baba, kawo Morocha in sa mata ƙwaya. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama."

"Ranar da ka sa mata wannan hannun naka mai warin man juye, ranar zan karya shi."

Muka yi dariya, don mun ɗauka irin cika bakinsa ne. Ya ɗauki Morocha ya ajiye ta a wani guntun layi kusa da gada, ya cire wayar wurin, ta zama kayan kallo. Watanni tana nan, shi kuma yana zaune yana kallon jiragenmu suna wucewa ta gabanta. Wallahi har tausayi ya riƙa ba ni, duk da baƙin halinsa.

Duk sabuwar ƙwaya da lamba uku take zuwa daga kanti. Saboda haka muka yi doka: uku ba ta kowa ba ce. Sabon jirgi zai yi zagaye ɗaya da ita, kamar jariri kafin suna, sannan a raɗa masa tasa. Kafin ka danna kuma sai ka ɗaga murya ka tambaya ko akwai mai uku a kan layi.

Ran nan Telmo ya zo da sabon kan jirgi ja, yana ta washe baki. Fermín, mai gasa mana nama, ya ɗaga gada da kafaɗa yana shigowa da faranti, hannu biyu a cike, bai mayar da ita ba. Ba wanda ya damu, don jirgin Telmo yana can ƙuryar ɗaki, nesa da gadar.

"Uku a hanya! Akwai mai uku?" in ji Telmo.

Ina kusa da Don Eulogio. Na ga ya buɗe baki, ya dube mu, ya dubi Telmo, ya rufe bakinsa. Telmo ya danna lambar, ya murɗa maɓallin har ƙarshe don ya burge mu.

Jan jirgin ya tashi. A bayanmu kuma muka ji wata ƙara da muka daɗe ba mu ji ba. Kafin mu waiga, Morocha ta zabura daga guntun layinta, ta hau babbar hanya da gudu, ta kai bakin gadar da ba ta nan. Sai ji muka yi tim a kan siminti. Tukunyar ta tsage, bututun hayaƙin ya cire, ƙafafun suka watse har ƙarƙashin tebur.

Telmo ne ya fara isa wurin. Ya durƙusa, ya shimfiɗa hannun damansa a ƙasa yana tattara gutsattsarin.

"Kada kowa ya taka! Baba, tsaya, za ta gyaru, wallahi za..."

Ban ga lokacin da Don Eulogio ya ɗauko babbar sufanar da muke tokare ƙofa da ita ba. Mutumin da ba ya iya riƙe ƙoƙo, ranar hannu biyu ya sa ya ɗaga ta sama, ya sauke a kan yatsun Telmo. Na ji ƙarar ƙashi kamar an karya rake. Telmo ya kurma ihu, tsohon ya sake ɗagawa ya sake saukewa a wuri ɗaya. Jini ya fantsama a kan tagullar.

"Na faɗa maka! Na faɗa maka, ɗan iska!"

Na ruƙo shi ta baya, ya juyo da sufanar ya fasa mini leɓe, haƙorina ɗaya ya faɗo. Telmo ya miƙe, idonsa ya rufe. Ya shaƙo wuyan tsohon da hannun hagu, ya ɗaga shi cak, ya maka shi a kan tebur. Gonar rake ta rufta, dutsen kwali ya ɓare, layin ya tsinke. Kan Don Eulogio ya daki ƙarfen kusurwa, goshinsa ya tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya, amma yana kwance yana ta harbin Telmo a ciki. Butar ruwan zafi ta kife a ƙafar Fermín, shi ma ya yar da farantin ya shiga, yana naushin duk wanda ya samu. Tsofaffi da ciwon gwiwa da hawan jini muna ta kokawa a cikin nama da ruwan zafi, wasu na jan Telmo, wasu na danne tsohon.

"Ku sake ni in kashe shi!" in ji Don Eulogio. "Ya taɓa ta!"

"Ban taɓa ta ba, tsohon banza! Uku na danna! Uku!"

Ni ina ƙasa ina tofar da jini, sai idona ya faɗa kan cikin Morocha da ya buɗe. Wasu siraran wayoyi masu launi sun leƙo, da 'yar ƙwaya sabuwa fil tana reto. Na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Don Eulogio, wannan fa?"

Kowa ya saki wanda ya riƙe. Daga baya muka ji yadda aka yi. Ashe zaman kallo ya ishe shi, ya saci jiki ya kai ta wani kanti a birnin Tucumán aka sa mata ƙwaya, ya dawo ya mayar da wayar guntun layin ba wanda ya sani. An faɗa masa ya canza lambar daga uku, bai iya ba, kuma ya gwammace mutuwa da ya tambayi ɗan tirela. Ya ji kiran da kunnensa, kunyar mu ji cewa ya sauko ce ta ɗaure masa baki.

Telmo bai kai ƙara ba. A asibiti aka ce yatsunsa biyu ba za su ƙara lanƙwasa ba, na uku kuma sai da aka yanke kansa. Na yi fushi da tsohon nan, har yau ma ban huce ba. Amma da ya roƙe ni in raka shi gidan Telmo, na raka shi.

Mun same shi a ƙofar gida, hannun a naɗe. Don Eulogio ya tsaya a gabansa da ɗinki a goshi, ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu. Da ƙyar ya kwance shi, gutsattsarin tagullar suna ta kaɗawa a tafinsa.

"Na zo ne ka yafe mini," in ji shi. Ya miƙo tsumman gaba. "Ranar nan ka ce za ta gyaru."

Telmo ya daɗe yana kallon tsumman. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Da za ta gyaru, Baba. A duk garin nan ni kaɗai zan iya." Ya ɗago naɗaɗɗen hannun a hankali, ya ajiye shi kusa da na tsohon mai rawa. "Zaɓi wanda za mu yi aikin da shi."