Dutsen Inna a Gonar Maikano

Shekarar da soja suka miƙa mulki, sabon kansila ya ce hanya za ta ratsa gonar Maikano a Utai, in an kawar da dogon dutsen da ke tsaye a tsakiyarta. Nan Maguzawan dā suke yi wa Inna, uwar gona, yanka.

Gwaggon Maikano, Barakatu, ta ce masa, "Ɗan nan, ko malamai kewaye shi suke yi."

"Dutse ne kawai, Gwaggo."

Ya ɗaura igiya, shanun huɗa suka ja har dutsen ya kwanta. A ramin sai ga ƙwarya cike da madara, da ɗuminta. Maikano ya so ja da baya, ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa. A amalanke aka kai shi gida.