Kwanukan da Barira Ta Ɓoye

Barira na cikin dama kunu ta ji ana buga katangar da ta raba gidansu da na Mairo. Tana ɗaga kai sai ga kwano ya leƙo ta sama, hannu biyu na riƙe da shi.

"Amshi mana, Barira, hannuna ya gaji," in ji Mairo daga can. "Na baƙuwa ne. Tarwaɗa ce, da asuba maigidana Hammadu ya kamo ta."

Barira ta waiga ta dubi ɗakin da uwar mijinta ta kwana. Labulen bai motsa ba. Ta yi maza ta taka turmi ta karɓi kwanon.

"Ki ce mata ina nan shigowa in na gama shanya."

"A'a, ki bari sai gobe," Barira ta ce ƙasa-ƙasa. "Ta sha hanya, duk jikinta ya yi tsami."

Ba ta kai kwanon ɗakin baƙuwa ba. Ɗakin ajiya ta shiga da shi, ta tura shi bayan buhun shinkafa, ta ja ƙofa. Sannan ta wanke hannunta da sabulu, ta ƙara turare a kaskon wuta.

Mijinta, Malam Shu'aibu, ma'aikacin asibiti ne. Daga Ƙaura ta ƙasar Zamfara aka turo shi Yelwan Yauri, a nan ya gan ta ya aure ta. Bara mahaifinsa ya rasu, aka bar mahaifiyarsa Inna ita kaɗai a gida, ga shi ba ta da wani ɗa sai shi. Magana ta tsaya a kan abu biyu: ko Inna ta dawo Yelwa da zama, ko shi ya je babban ofishinsu a Sakkwato ya nemi a mayar da shi Ƙaura. Inna ta ce ba za ta yanke komai ba sai ta ga garin da idonta.

Idan aka koma Ƙaura, Barira za ta bi mijinta. Za ta bar mahaifiyarta, wadda ke bandar kifi a bakin kwata, inda jiragen masunta ke tsayawa a gaɓar kogi, ita ma ba ta da kowa sai Barira. Tun da aka sa ranar zuwan Inna take juya wannan a ranta.

Abu ɗaya ta sani a kan Inna: ba ta son ƙarnin kifi. Malam ya taɓa kai mata banda tsaraba, ta sa aka fitar da ita daga ɗaki, ta wuni tana tofar da yawu. Shi ya sa Barira ta kankare tukwanenta da toka, ta kai kwandon banda gidan Mairo ajiya, ta sa aka yanka kaza.

Malam ya fito yana gyara hula. Ya aro motar abokinsa zai zagaya da Inna.

"Kada dai ku bi ta kwata, Malam."

"Na sani," ya ce. "Baƙo ai abin da ya fara buge shi, shi yake tafiya da shi. Tambayi direbobin Ikko labarin Yauri ki ji, sai su ce miki kifi da sauro, don tasha kaɗai suka sani. Wani da aka turo mana aiki ya sauka ranar kasuwa, hayaniya da ƙarni suka fara tarbarsa, bai yi wata ba ya tattara kayansa. Zan nuna mata asibiti da ƙofar gidan sarki da babban titi. Ruwa kuwa ta hango shi daga tudu."

Inna ta fito, doguwar tsohuwa mai tsagar fuska. Barira ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye mata kunu da ƙosai. Inna ta sha kaɗan, ta dubi ƙofar gida, ta dubi katanga.

"Maƙwabta sun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

Inna ta ce madalla, ta ɗauki mayafinta suka fita.

Ba su daɗe da tafiya ba Gwaggo Dudu ta rangaɗa sallama. Dillaliya ce, babu gidan da ba ta shiga a unguwar. Ta shigo da faranti a ka, kwanuka jere a kai, tana haki.

"Sauke ni, ɗiyar nan, wuyana zai karye. Kowa ya gan ni sai ya ce, Dudu, tunda can kika yi. Sai ka ce jakin gari."

Barira ta sauke ta. Dudu ta shiga nunawa da yatsa.

"Wanga na gidan Tanko mai jirgi. Wanga na Zainabu, gargaza ce soyayyiya. Wanga na Uwani, kin san ta da ƙurungu, ko ranar Salla shi take ci. Wanga babban kuwa na tsohuwarki. Kan giwan ruwa ne. Mutanen Ikko sun yi ta binta da kuɗi ta hana su, ta ce na surukarta ne."

Barira ta ɗaga murfin kaɗan. Romo ya yi ja, albasa ta nuna ta narke a ciki. A wurin mutanen bakin ruwa ba kowa ake ba kan giwan ruwa ba. Na babba ne, ko na baƙon da ake jin nauyinsa. Ta mayar da murfin.

"Ina baƙuwar take? In gan ta in ji ko mutanen Zamfara ma ƙafa biyu gare su."

"Sun fita, Gwaggo. Sai yamma."

"To tsohuwarki ta ce bayan azahar tana nan tafe."

"Ki ce mata ta bari sai gobe. Inna ta gaji."

Dudu ta shinshina iska, ta yamutsa fuska. "Mi kike ƙonawa haka? Gida ya turnuƙe sai ka ce ana korar aljannu."

Barira ta yi ɗan murmushi. Dudu na fita ta kwashe kwanukan zuwa ɗakin ajiya. Na mahaifiyarta ta tsaya da shi a hannu kaɗan, sannan ta ajiye shi a sama, ta lulluɓe duka da tsohon zane. Ta ce a ranta kwana ɗaya ne kawai. Idan Inna ta ce ta zauna, daga baya a hankali za ta saba.

Da rana suka dawo. Barira ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kaza. Malam sai zuba yake yi.

"Kin ga asibitin ko, Inna? Ga wuta, ga famfo. Ko dare ciwo ya tashi, da ƙafa ma sai a je."

"Na gani, Ɗangana." Da wannan suna take kiransa, don bayan ta binne 'ya'ya da yawa ta same shi.

"Ruwan fa?"

"Na gani. Allah mai iko."

Ta ci tuwon ba laifi, ta yaba miyar. Bayan ta yi sallar azahar ta sa aka fito mata da wani ƙullin kaya daga ɗaki. Ta ajiye shi kusa da gwiwarta, ba ta kwance ba, ta zauna tana fuskantar ƙofa.

Can aka yi sallama. Barira ta riga kowa zuwa zaure. Mariyamu ce, matar Yohanna da suke aiki tare da Malam, riƙe da langa mai zanen fure.

"Na ji mamar Malam ta zo. Ga ɗan farfesu."

"An gode. Ta ɗan kishingiɗa ne."

"To a gaishe ta."

Barira ta ɓoye langar a bayan tulun zaure, ta dawo hannu sake.

"Wa ya yi sallama?" in ji Inna.

"Wata ce... ɓatan kai ta yi."

Inna ta gyaɗa kai. Jim kaɗan ta ce, "Mahaifiyarki fa? Tana gari kuwa?"

"Tana gaishe ki. Ƙafa ce ke damunta."

"Allah shi sauwaƙe."

 Inuwa ta yi ta matsawa, Inna ma tana jan tabarmarta tana bi, idonta na kan ƙofa.

Bayan la'asar Malam ya dawo daga masallaci. Inna ta ce ya zauna. Barira na tsugune a bakin murhu tana tsince shinkafa, tana jin komai.

"Ɗangana, gari na gani. Titi ya yi kyau. Asibitinku ya fi namu. Amma tun jiya da almuru nike gidan ga. Ka ga kwano ɗaya ya shigo? Ka ji mace ɗaya ta ce mini sannu da zuwa?"

Malam ya waiga ya dubi ƙofa.

"Mu a Ƙaura ko ɗan koli ya sauka gidan maƙwabci, kafin shi tuɓe takalmi fura ta iso." Ta kwance ƙullin da ke gefenta. Ƙananan ƙulle-ƙulle ne a ciki, daddawa da kuka da goro, kowanne an ɗaure shi daban. "Waɗanga na ƙulla su don in sa cikin kwanon duk wadda ta kawo. Da su ni ka komawa. Ni tsohuwa ce, ɗana. Ba titi nike nema ba. Ina son in na faɗi a samu mai shigowa, in na cika a samu mai yi mini wanka. Garin da ba a san baƙo ba, ba a sanin gawa. Gobe ka sa ni mota, kai kuwa ka tafi Sakkwato ka nemi canji."

"Wallahi Inna, ba halinsu ba ne," in ji Malam. "Ni da na zo garin nan ban san kowa ba, sai da na yi wata ban hura wuta ba. Ban san abin da ya same su yau ba." Ya juya. "Barira, ko Mairo ba ta leƙo ba?"

Barira ba ta ɗago ba. Shinkafar na zubewa ta tsakanin yatsunta. Tun da aka yi aurenta ba ta taɓa haɗa ido da Inna ba, balle ta buɗe baki ta ce ta yi mata ƙarya har sau biyu a wuni ɗaya. 

Sai ta ajiye faifan ta miƙe. Ta shiga ɗakin ajiya ta fito da kwanon Mairo, ta durƙusa ta ajiye a gaban Inna. Ta koma ta ɗauko na gidan Tanko. Ta ɗauko na Zainabu da na Uwani. Ta je zaure ta zaro langar Mariyamu daga bayan tulu.  Kafin ta kawo na ƙarshe ƙarni ya cika tsakar gida, ya danne turaren.

Inna ta ja gefen mayafi ta toshe hanci. Da ɗaya hannun ta shiga buɗe murafe. Abincin ya huce, mai ya daskare a sama.

"Wanga daga ina?"

"Gidan Mairo. Nan bayan katanga."

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

"Wanga fa?"

Barira ta yi ta faɗa, kanta a ƙasa. Da aka zo kan langar ta ce, "Ta Mariyamu ce. Ita ce ta yi sallama ɗazu."

"Mai ɓatan kan?"

"E."

Saura babban kwanon. Inna ta buɗe, kan kifin ya cika shi, baki a hangame. Ta ja baya.

"Na gidan su Barira ne," in ji Malam a hankali. "Kan giwan ruwa ne, Inna. A nan ba a ba yaro. Wanda aka girmama ake kai wa."

Inna ta daɗe tana kallon kwanon. "Ita mai ciwon ƙafar ce ta tsaya ta dafa wanga?"

"Ƙafarta lafiya lau," Barira ta ce, da ƙyar aka ji. "Ni na ce ta bari sai gobe. An ce ba kya son ƙarni. Ita kuwa a cikin hayaƙin banda take wuni."

Malam ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Inna ta mayar da murfin, ta yi kaki ta tofar a gefe.

"Ci kam ba ni ci, ko yanka ni za a yi. Ku juye ku ci abinku. Ke kuma wanke kwanukan ga."

Barira ta juye, ta wanke, ta goge. Inna ta bi su ɗaya-ɗaya tana jefa ƙulli. Da ta zo kan babban ta sa biyu, ta ƙara da goro fari.

"Ɗauko mayafinki. Daga gidanku za mu fara."

"Inna, bakin kwata ne fa," in ji Malam. "Can ake banda."

"Hancin nawa ne ko naka?"

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta zura takalmi. Malam ya biyo su har zaure.

"To maganar Sakkwato fa?"

"Bar ta tukuna," in ji Inna ba tare da ta waiwaya ba. "Mutanen gari na ga halinsu. Wagga da za mu zauna gida ɗaya ita ce ban gama gani ba."

Barira ta ɗora farantin a ka, ta wuce gaba tana nuna hanya.