Kwamfutar da Ba Ta Gulma

Wata uku Ummuhani ta yi tana zarya shagon Jafaru mai gyaran kwamfuta a kasuwar Garwa, kafin ya miƙo mata wata baƙar kwamfuta, tsohuwa tukuf, gefenta a tsage.

"Kada ki raina ta," in ji shi. "Kowace kwamfuta tana da manhajar da ke farkawa tun kafin allo ya haska. A sababbin nan kamfani ya kulle ta, Allah kaɗai ya san da wa take gulma. Wannan kuwa na cire ta kamfanin, na sa wadda kowa zai iya duba cikinta."

Abin da take nema ke nan. Mata goma sha bakwai ne suka ba ta labarin yadda masu kaki suka kwashe mazajensu, kuma kowacce sai da Ummuhani ta rantse mata cewa sunanta ba zai fita ba. A wannan kwamfutar ta adana labaran da jerin sunayensu.

To, sai yayanta Alhaji Shu'aibu, babban ɗan kasuwa, ya ga kwamfutar. Wai ƙanwarsa ce ke yawo da wannan tarkace, yana raye? Ranar sunan ɗansa, falo cike da dangi da surukai, ya kira ta ya miƙa mata sabuwa fil a kwali. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Ga Georges, abokina ne, a wani ofishin gwamnati yake aiki," in ji Alhaji. "Maza, buɗe masa tsohuwar ya kwashe miki kayanki zuwa sabuwar."

"Yaya, da ka bari ni da kaina..."

"A gaban mutane, Ummuhani?"

Tun rasuwar mahaifinsu shi ya riƙe ta, bakinta bai taɓa ce masa a'a ba. Ta sunkuyar da kai, ta danna kalmar sirrin da yatsunta, ranta yana ƙuna.

Kwana tara bayan haka aka kai wa Iyatu, ta farko a jerin, takardar sammaci. Washegari aka kai wa ta biyu.

Jafaru ya zo gidan Ummuhani a gigice, da jakar kayan aikinsa. "Kawo kwamfutar in buɗe. Wallahi in ta nan aka shiga, ni na cuce ku."

Ummuhani ta dakatar da shi kafin ya buɗe jakar.

"Mayar da kayanka, Malam Jafaru. Kwamfutarka ba ta faɗa wa kowa komai ba. Ni ce na ji kunyar ce wa Yaya a'a."