Hasbiyoyin Dutsen Roni

Hasbiyoyi suka tashi daga kan dutsen gaba ɗaya, fukafukansu na walƙiya cikin hantsi. Hamma ya yar da gudumarsa, ya ruga bayan tsamiya tare da sauran leburori. Can sai nakiya ta fashe. Ƙasa ta girgiza, tsakuwa ta yi ta zubowa kamar ƙanƙara.

Ƙanensa Sama'ilu na durƙushe kusa da shi, ya toshe kunnuwa da yatsu. Hamma bai toshe ba. Sama yake kallo yana murmushi, irin murmushin da yakan yi a da idan garke ya doso gida.

Zamanin kuɗin man fetur ne, kwalta na miƙewa ko ta ina, kuma daga wannan dutse na kusa da Roni wani kamfani ke fasa tsakuwarta. Shanun gidansu kuwa, rabi karatun Sama'ilu ya cinye, rabi fari ya kwashe, shi ya sa Hamma ya ajiye sanda ya ɗauki guduma. Sama'ilu ya zama malamin jami'a a Zariya, mai bincike kan ƙungiyoyin ƙwadago da albashi da lafiyar ma'aikata. Ya zaga masaƙun Kaduna, ya sha shayi da ma'aikatan jirgin ƙasa. Bana ya ce bari ya waiwayi gida.

* * *

Da la'asar Hamma na alwala a tsakar gida, Sama'ilu ya kira shi ta baya. Shiru. Ya sake kira da ƙarfi, har kaji suka watse, amma Hamma bai juyo ba.

Dela, matar Hamma, ta dakata da tankaɗe. "Ɗan boko, kada ka fasa mana maƙogwaro. Zagaya ta gabansa, bakinka zai kalla."

"Adda, tun yaushe?"

"Tun bara. Nakiya ta cinye kunnen yayanka, kuma ba shi kaɗai ba ne a wurin."

"To, yaya yake jin usur ɗin gargaɗi da ake busawa kafin a tada nakiya?"

"Ina fa yake ji? Tsuntsaye ke ji masa. Da an busa sai su tashi, shi kuma ya gudu."

Sama'ilu ya zagaya ya tsuguna a gaban yayansa. Hamma ya dubi fuskarsa ya gane an gaya masa, sai ya yi dariya.

"Kada ka ɓata rai, ƙanena. Ba ciwo. Kamar dai na nutse a tafkin Kazaure ne, ina hango mutane a gaɓa suna motsa baki. Wani lokaci can ƙasa nakan ji kukan Fure, saniyar nan tamu mai farin goshi." Ya kama hannunsa ya matse. "Abu ɗaya nake roƙo. Kada manya su sani. Ran da suka sani, ran nan tukunyar gidan nan za ta huce."

Sama'ilu ya yi magana a hankali don Hamma ya bi leɓunansa. "Hamma, doka ta ce a biya ku diyya. Ba zan kama sunan kowa ba, na yi alkawari."

Ya koma gindin katanga ya zauna, tunani ya ɗauke shi. Ya hango ɗakin shan magani fari fat a gindin dutsen. Ya hango kowane lebura da abin toshe kunne. Ya hango Hamma ya karɓi diyya ya sayo karsana biyu a kasuwar Babura, yana koro su cikin ciyawar damina, tsuntsaye na binsu a sama. Mafarkin ya yi masa daɗi har bai ji kiran sallar magariba ba.

* * *

A ofishin kamfanin da ke Kazaure aka karɓe shi hannu bibbiyu. Manaja na nan, ga kuma Malam Daudu, sakataren ƙungiyar ma'aikatan wurin. Sama'ilu ya zuba bayani tiryan-tiryan, ya ce da yawa cikin masu fasa dutse sun kurumce. Bai kama suna ba, kamar yadda ya alkawarta.

Malam Daudu ya gyara hula. "Malam, abin da tausayi, wallahi. Sai dai su masu aikin yini ne. Mu ƙungiyarmu ta masu albashin wata ce, direbobi da akawu da makanikai. Ba mu da bakin magana a kansu."

Manaja kuwa har ya miƙe ya riƙe hannun Sama'ilu. "Ka taimake mu. Kurma a wurin nakiya ai hatsari ne babba. Za mu duba lamarin da gaggawa."

Sama'ilu ya hau motar Zariya ransa fari tas. Allah sarki, wai shi a ganinsa ya gama aiki.

Lallai an duba da gaggawa. Ranar Litinin aka tara leburori a ɗakin ajiyar siminti, ɗakin da ba taga. Aka ce kowa ya fuskanci bango. Lauwali, shugaban leburori, ya tsaya a baya ya busa usur. Wanda ya waiga, a nuna masa ƙofa ya koma bakin aiki.

Hamma ya tsaya yana kallon bango. Ya ɗaga ido yana neman sama, sai kwanon rufi. Ya daɗe a tsaye, yana jiran wani abu ya tashi, har Lauwali ya zo, idanunsa cike da hawaye, ya dafa kafaɗarsa. Ran nan aka kori duk wanda bai waiga ba. Diyya kuwa, an ce ai ba a taɓa ɗaukarsu aiki ba, ballantana a ce an sallame su.

* * *

Bayan kaka Sama'ilu ya dawo. An yaba wa bincikensa a taron masana a Legas, an tafa masa har ya ji kunya. Labarin korar kuwa a tashar mota ya tsince shi.

Dela ta kawo masa ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Ba ta ce masa ɗan boko ba. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Hamma na zaune kusa da rumbu yana tufka igiya, ko da yake ba abin ɗaurewa a gidan. Ya rame. Ya ga ƙanensa, fuskarsa ta washe, ya matsa masa a kan tabarma. Sama'ilu ya tsuguna a gabansa, ya buɗe baki, amma leɓunansa rawa kawai suke yi, ba abin da Hamma zai karanta a kansu.

Sai shaho ya gifta. Tantabarun maƙwabta suka tashi daga kan katanga gaba ɗaya.

Hamma ya yar da igiya. Ya fizgi hannun Sama'ilu, ya ja shi bayan rumbu, ya danne shi ƙasa, ya rufe masa kunnuwa da tafukansa masu kanta. Suka zauna a haka, Hamma na kallon sama yana jira.

A tsakar gida Dela ta ci gaba da tsince tsakuwa daga cikin gero.