Ramar Hajiya Zalika

"Wallahi ba mai taɓa min ita. Ko ganye ɗaya."

"Yaya, don girman Allah ki saurare ni," in ji Ghali, wuƙar kicin a hannunsa. "Saura kwana tara a buɗe Olamfik. Gida-gida 'yan sanda suke bi suna neman masu ƙwaya. Matar da ke ƙasanmu ta ɗauki hoton barandar nan jiya, da idona na gan ta."

"Ta ɗauka. In ta so ta rataya a ɗakinta."

Hajiya Zalika ta tare ƙofar baranda da jikinta, kuma jikin ba kaɗan ba ne. A bayanta bokitan fenti shida ne a jere, kowanne da rama ta yi tsayi har ƙirji. Tun daga Kasuwar Rimi ta ƙullo irin a gefen mayafi. Wata huɗu ke nan tana zaune a gidan ƙaninta a Panyu, can ƙasar China, tana sarin jakunkuna a kasuwar Shiling, kuma ta rantse ba don kwaɗon ramar nan ba, da tuni dafaffen ganyen mutanen China mara tsami ya kai ta kabari.

"Ni na san rama ce," in ji Ghali. "Su ba su sani ba. Dubi ganyen, yatsu-yatsu, sak wiwi. Shekara bakwai ina aika kaya gida daga kasuwar Tianxiu ba a taɓa kirana ofis ba. Yanzu a kore ni a kan kwaɗo?"

"Kai da kake cin kwano biyu?"

Sai aka ƙwanƙwasa. Ghali ya cusa wuƙar ƙarƙashin kujera, yana salati. Ashe maƙwabcinsu ne, Baturen nan da Hajiya ta laƙaba wa Na-Gashi. Ya haura sittin, furfura har gadon baya an ɗaure da zare, tsakiyar kan kuwa fayau kamar faranti. Ga duwatsu a wuya, ga riga mai launi bakwai, ba takalmi. Turanci yake koyar da yara. An ce tun yana saurayi ya bar gidan ubansa da wasu ire-irensa, suka yi ta gantali har Indiya, wai neman zaman lafiya. Allah na tuba, wanka dai ba su samo ba.

Ya ji hayaniyar ta bango. Ya wuce Ghali, ya hango bokitan ta gefen Hajiya, ya haɗa tafukansa ya rusuna, sannan ya juyo ya kama bayani, idonsa har da ƙwalla.

"Me yake cewa?" in ji Hajiya.

"Wai kada ki yarda a sare. Wai shekara arba'in suna faɗa da hukuma a kan ganyen nan. An dake su, an ɗaure su."

"A kan rama? Ikon Allah! Su ma can hana su ake?"

"Yaya, ba rama yake nufi ba."

"Kai dai fassara, ba sharhi na tambaye ka ba."

Ghali ya yi ajiyar zuciya. "Wai abin da ya tsiro daga ƙasa ba gwamnatin da ke da ikon haramta shi. Wai giya da sigari sun fi kashe mutane, amma su ana sayarwa a kanti. Wai ke jaruma ce. In 'yan sanda sun zo, shi zai tsaya a gabanki, sai dai su bi ta kan gawarsa."

Hajiya ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ka ji ɗan halak. Bare ya san darajata, kai da muka sha nono ɗaya kana yawo da wuƙa. Ba shi kujera."

Bai kai ga zama ba aka sake buga ƙofa, bugu uku masu nauyi. Ghali ya leƙa ta ɗan ramin ƙofa, ya juyo fuska ba jini. "Su ne."

Hajiya ta waiwaya ta ga mai tsaya mata. Babu shi. Ƙarar sakatar banɗaki kawai ta ji.

'Yan sanda biyu ne, da matar ƙasan tana leƙe ta bayansu. Ghali ya yi ta zuba gaisuwar "nihao" kamar ba zai daina ba, yana miƙa fasfo da hannu biyu. Suka duba, suka mayar. Babbansu, wani gajere mai ƙaton wuya, ya nuna baranda. Hajiya ba ta matsa ba sai da Ghali ya ce, "Yaya, don darajar Inna."

Ɗan sandan ya tsuguna. Ya shafa karan, ya juya ganyen, ya tsinki ɗaya ya jefa a baki. Tsamin ya sa ya runtse ido. Sai ya fashe da dariya, ya kira ɗan'uwansa yana ta zuba magana.

"Wai a ƙauyensu gona-gona ake nomanta," in ji Ghali. "Igiya suke tufkawa da ita. Yana tambaya da gaske ci kike yi?"

"Ce masa da ƙuli-ƙuli. Su da suke cin kwaɗi, ni za a tambaya?"

Wannan Ghali bai fassara ba. Ɗan sandan ya kaɗa hannu ya ce, "Meiyou, meiyou," wato babu komai. Matar ƙasan ta sauka tana ƙunƙuni, an ɓata mata yini.

Sai da ƙarar takalmansu ta ɓace sannan Na-Gashi ya fito, yana goge hannu a riga, wai cikinsa ne ya murɗa. Hajiya ba ta ko dube shi ba. Ta shiga cikin bokitanta tana lallashinsu ɗaya bayan ɗaya. Da ta janyo na ƙarshe, wanda ya jingina da barandar Baturen, sai ta tsaya cak. Duk gefen da ke kallon gidansa an tsige shi tas, sai kara tsirara.

"Ghali. Tambaye shi."

Ba a sha wuya ba Baturen ya amsa laifinsa. Wata biyu ke nan yana miƙo hannu yana tsinka, ya shanya a kan firji, ya naɗe a takarda.

"Ya sha?" in ji Hajiya. "Ramar?"

"Wai bai taɓa samun mai kyawunta ba tun Indiya. Har launuka yake gani."

Ghali ya yi masa bayani a hankali cewa ganyen miya ne. Baturen ya yi ja har tsakiyar kai. Ya ce ƙarya ce, bakin hukuma ne, shi da ya shekara arba'in a harkar ba ɗan sanda ne zai koya masa ba. Kuma ai ba sata ya yi ba, tsiro na kowa ne, ba mai mallakar abin da ƙasa ta fitar.

"Ƙasar da na hau da ita bene takwas a kaina?" Hajiya ta riƙe ƙugu. "To gaya masa da kyau, kada ka rage ko kalma. Daga yau na haramta. Gobe waya za a zagaye barandar nan. Na sake ganin hannunsa, ni da kaina zan sauka in kira gajeren nan, har banɗakin zan nuna masa."

Ghali ya fassara, wannan karon har da ƙari.

Na-Gashi ya dube ta. Ya faɗi wata gajeriyar magana, ya tattare duwatsun wuyansa.

"Me ya ce?"

"Wai ashe ke ma gwamnati ce."

"Ce masa na gode."

Baturen ya fice, ya maka ƙofar da ƙarfin da sai da kalandar bango ta faɗo.