Tarkon da Tavita ya ɗana a kibod

Declan, abokin zaman Tavita a birnin Brisbane, kullum sai ya ari kibod ɗin kwamfutarsa ya bar masa maiƙon soyayyen dankali a kai. Tavita da hannunsa ya haɗa kibod ɗin, maɓallan ko harafi babu a jikinsu. Ran nan, don ya kunyata Declan, ya sauya wa maɓalli ɗaya aiki: da an taɓa shi zai aika, "Ni ƙazami ne, ba na wanke hannu."

Sai dai ya manta wanne ne. Yana rubuta wa wani gidan abinci saƙon neman aikin girki, yatsansa ya sauka a kai.

Declan ya leƙo. "Kai mutumina, irin wannan gaskiya haka! Ga shi har sun amsa, wai sun ɗauki wani."