Hawa na Uku

Tun yana saurayi Injiniya yake zana allunan lantarki, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: inda ka ja layi, nan jan ƙarfe zai kwanta, nan wuta za ta bi. Da idonsa ya fara rauni sai ya sakar wa autarsa teburin zane, ya yi alkawarin ba zai sa mata hannu ba. Shi kansa ya yarda da alkawarin a lokacin.

Aikinta na farko allo ne na injin ƙyanƙyashe ƙwai, mai hawa huɗu, wato shimfiɗa huɗu ɗaya bisa ɗaya. Mai injinan ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: idan samfurin bai yi ba zai koma wani shagon, don shi da tsoho ya saba.

Ranar da za a tura zanen masana'anta, Auta ta fita cin abinci. Injiniya ya zauna a kujerarta, wai yana hutar da ƙafa. Ya buɗe hawa na ɗaya, tsaf. Na biyu, tsaf. Na uku fayau, sai 'yan ɗige-ɗigen ramuka. Gabansa ya faɗi, yarinya ta manta hawa guda! Tausayinta ya kama shi. Ya ja linzamin kwamfuta ya shimfiɗa mata layuka masu kauri daga wannan rami zuwa wancan, ya rufe, bai gaya wa kowa ba don kada ta ji kunya.

Allunan suka dawo kore shar. Aka jona wuta, ko ɗaya bai yi aiki ba.

Auta ta bi su da mitar gwajin wuta, ta koma kwamfuta, ta daɗe tana kallo.

"Baba, kun taɓa hawa na uku?"

"Na dai cike miki abin da kika bari."

"Ai negetif ne, Baba. Sauran fozitif ne, abin da aka zana shi ne jan ƙarfe. Wannan kuwa duk jan ƙarfe ne tun asali, inda aka ja layi nan ake ƙwaƙule shi. A haɗe yake kafin ku zo, layukanku ne suka yayyanke shi."

Kunya ta rufe shi.

Ta kira mai injinan a gabansa, ta ce kuskure daga wurinta ne, ta roƙi a ƙara mata lokaci. Injiniya yana jiyo muryar mutumin ta cikin waya.

"A'a, na haƙura. Ai dama na faɗa. Da babanki ne ya zana, da haka ba ta faru ba."

Auta ta ce haka ne, ta ajiye wayar. Sannan ta buɗe hawa na uku, ta fara goge layukan ɗaya bayan ɗaya.